Wa ke biyan kuɗin ofishin da ya koma ɗaki?

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe Legas da Abuja saboda korona, Kano ta biyo baya a watan Afrilu. A lokacin ne da yawa daga cikinmu suka fara jin ana cewa ma'aikaci ya zauna a gida ya yi aikinsa. Cutar ta lafa, amma tsarin bai tafi ba. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka, sai jihohi irin su Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Kamfanoni kuma suka gano za su iya ɗaukar mai fassara a Zariya, mai lissafi a Katsina, mai amsa kiran abokan ciniki a Kaduna, ba tare da sun kama hayar ko ɗaki ɗaya a garuruwan ba.

Sana'ata ita ce tsara aikin irin waɗannan ma'aikata, daga ranar da aka ɗauke su zuwa ranar da aka rabu. Abin da zan faɗa shaida ce ta abin da ke faruwa a tsakanin ranakun nan biyu. Ina goyon bayan aiki daga gida, domin na ga matan aure da naƙasassu da matasan da ba su da hanya a Abuja sun samu abin yi ta dalilinsa. Amma ofis yana da kuɗin wuta, da mai gadi, da kujera, da lokacin tashi, kuma idan aka ce an rufe shi, waɗannan abubuwa ba sa ɓacewa. Wani ne zai ɗauke su. Duk wanda ba a rubuta a takarda ba, a kan ma'aikaci yake faɗawa.

Watan farko, wuta ce ke fara kayar da mutum. Sabon ma'aikaci kan ce yana da laftof, yana da waya, ya shirya. Sai ka zauna da shi ku yi lissafi. Laftof tana cin wat 45 zuwa 65. Na'urar intanet ta gida kamar wat 10. Fanka ta tsaye wajen wat 60, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, fanka ba ado ba ce. Yawancin laftof an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, in ya wuce sai su fara nauyi, su riƙa kashe kansu. Ƙara kwan fitila da cajin waya, ka samu wat 150. A awa takwas, wat-awa 1,200 ke nan kullum.

Yanzu dubi batirin da yawancin mutane ke saya, mai ruwa, bolt 12, amfiya-awa 200. A rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400. Amma irin wannan batir ba a shanye fiye da rabinsa. Wanda ke matse shi har inbata ta yi kuka kullum, kafin shekara ta zagayo zai ga ba ya riƙe caji. Saura 1,200. Inbata kuma tana cin nata, kusan kashi 15 cikin ɗari, wajen mayar da wutar batir irin ta gida. Abin da ya rage kusan 1,000 ne, wato ƙasa da awa bakwai. Ke nan batir ɗaya bai kai mutum ƙarshen yinin aiki ba, kuma wannan idan ya cika ne tun da dare. In babu wutar da za ta cika shi, sai an haɗa da farantin sola, aƙalla biyu masu wat 400, sannan a lokacin hunturu a riƙa goge su duk bayan kwana biyu ko uku, domin ƙura tana kwanciya a kansu ta rage musu ƙarfi sosai. Batirin litiyom ya fi, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, ba ya buƙatar ƙarin ruwa, amma kuɗinsa a tashi ɗaya ya fi ƙarfin wanda bai karɓi albashin farko ba.

Sai mutum ya koma wa ƙaramin janareto. Shi kuma yana shan kamar rabin lita a awa, lita huɗu a yini, lita 88 a ranakun aiki 22 na wata. A ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000, wannan ya kama naira 88,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Ban sa kuɗin baƙin mai da fulogi da mai gyara ba. Kuma a nan akwai abin da ya fi kuɗi: don gudun ɓarayi ko don kada ƙara ta shiga taron bidiyo, wasu kan shigar da janareto soro ko kicin su ja ƙofa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, tana kashe mutanen gida gaba ɗaya. Janareto a fili ake ajiye shi, nesa da taga, ko da ruwa ake yi sai dai a yi masa rumfa.

Wanda ke kan layin da ake kira Band A an yi masa alƙawarin awa 20 a rana, amma a watan Afrilun 2024 aka ɗaga masa farashin yunit zuwa naira 225. Kuma ko shi bai tsira ba a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke kawo wuta arewa shi ma ya samu matsala, jihohi da dama suka kwana sama da mako cikin duhu. 'Yan uwanmu na Nijar sun ga irin wannan tun daga watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take tura musu bayan juyin mulki. Shugaban aikin da ke zaune a Legas ko Landan bai san da wannan ba. Abin da yake gani kawai shi ne sunan ma'aikacinsa ya ɓace daga allo.

Data ta fi sauƙin lissafi. Taron bidiyo na mutane da yawa yana cin kusan gigabait ɗaya a awa. Murya zalla ba ta kai megabait ɗari ba. Awa biyu na taro kullum ya kai gigabait 40 a wata, kafin a zo ga aika fayil da sabunta manhaja. Kwamfuta kan sabunta kanta da dare ta cinye gigabait uku ko huɗu mai ita yana barci, don haka a shiga saitin a nuna mata cewa layin na awo ne. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, kuma alawus ɗin da aka yanka kafin nan, in dai ba a sake duba shi ba, ya zama rabin magana. Dole ma'aikaci ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban. Duk da haka akwai ranar da layi biyu ba sa ceto: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma suka tsaya, a watan Satumban 2021 kuma aka katse sabis a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni. Yarjejeniyar aiki ta gari tana faɗin abin da za a yi a irin wannan rana: wa za a sanar, ta wace hanya, cikin awa nawa, kuma shin za a yanke albashi ko ba za a yanke ba.

Idan mutum ya tsallake wuta da data, gida ne ke jiran sa. A wurinmu wanda ke zaune a gida ana ganin ba shi da abin yi. Hajiya za ta aiko ya kai ta asibiti, maƙwabci zai yi sallama a zaure ya zauna hira, za a ce ai wane yana nan, shi zai wakilci gida a wurin suna ko ɗaurin aure. Ba kuwa zai iya cewa a'a cikin sauƙi ba, domin baƙo da iyaye suna da haƙƙi. Abin da na ga yana aiki shi ne magana tun ranar farko, da ladabi, a gaban babba: Baba, daga ƙarfe tara zuwa biyu ina wurin aiki ko da kun gan ni a ɗaki, bayan La'asar kuma duk abin da ake so ina nan. Idan maigida ya amince ya faɗa wa sauran, magana ta zauna. Idan aka bari sai ranar da aka yi karo, ta zama rashin kunya.

Ga mace abin ya ninka. An yarda ta yi aikin ne saboda ba za ta fita ba, amma ba a rage mata komai daga girki da wanki da reno ba. Awa takwas na kamfani ya hau kan awannin gida, sai ta koma yin aikin bayan yara sun yi barci, ta tashi da Asuba. Wata uku zuwa huɗu ake ganin alamar: kurakurai a aikin da da ba ta kuskure a cikinsa, jinkirin amsa saƙo, sannan wata rana ta ce ta ajiye. Kamfani ya rasa ƙwararriya, ita ta rasa abin hannunta, alhali abin da ake buƙata bai wuce a sama mata mai taya ta reno na awa huɗu ba, a kuma daina sa taro a lokacin ɗora sanwar rana ko ɗauko yara daga islamiyya. Mai gidan da ke jin daɗin albashin matarsa ya kamata ya zauna su raba awannin nan tare.

Masu yi wa kamfanonin waje aiki suna da wata matsalar, ta agogo. Ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma a New York, a wurinmu biyu na rana zuwa goma na dare ne a watannin bazararsu, uku zuwa sha ɗaya a lokacin sanyinsu. Na Kalifoniya ya fi muni: biyar na yamma zuwa ɗaya na dare, ko shida zuwa biyu. Ga mai bin agogon New York, La'asar da Magariba da Isha duk suna cikin lokacin aiki, a watan azumi kuma buɗa-baki da tarawihi suna faɗawa tsakiyar yininsu. Yawancin shugabannin aiki ba sa hana mutum minti goma sha biyar na salla in ya faɗa tun farko ya sa a jadawali. Matsala tana zuwa ne idan ya ɓoye, ya riƙa ɓacewa ba bayani. Amma barci ba ya cikin abin da ake sasantawa. Wanda ya rufe kwamfuta ƙarfe biyu, ya tashi Asuba, hayaniyar gida ta hana shi komawa, yana rayuwa ne a kan awa huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. A gida, inda babu mai kashe fitila ya ce a tashi, awa 55 tana cika mutum bai sani ba.

Saƙon WhatsApp na ƙarfe goma na dare shi ne babban mai cinye lokacin. Oga ya tuna wani abu ya rubuta, ƙila ma ba ya nufin a amsa a take, amma ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ganin saƙon oga ya kwanta ba. Faransa ta sa wa wannan doka tun Janairun 2017, Ostareliya ta bi a 2024: ma'aikaci yana da ikon ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi. Inda doka ba ta faɗa ba, shugaba ne zai kafa ta da bakinsa, ya ce abin gaggawa kira ake yi, duk abin da aka rubuta bayan shida na gobe ne. Sannan shi ya fara kiyayewa.

Jiki kuma yana karɓar nasa a hankali. Aiki a kan katifa ko tabarma da laftof a cinya yana sa wuya ya sunkuya awanni, bayan 'yan watanni sai ciwon wuya da ƙugu da sanyin yatsu. Gyaran ba shi da tsada: tebur da kujera mai jingina, a ɗaga laftof a kan littattafai har saman allon ya yi daidai da ido, tazarar hannu ɗaya daga fuska, a sayi allon rubutu (kibod) da linzami (maus) na daban don gwiwar hannu ta zauna a kusurwa madaidaiciya, tafin ƙafa a ƙasa. Duk bayan minti ashirin a ɗaga ido a dubi abu mai nisan mita shida na daƙiƙa ashirin, duk awa a miƙe a taka.

Zan juya ga mai ɗaukar aiki, domin shi ma yana da abin tsoro na gaske. Na farko sirri. A gidajenmu kwamfuta ɗaya ta kowa ce: ƙane zai kalli ƙwallo a kai, yaro zai sauke wasa, a kai ta shagon mai caji a bar ta yini guda, in ta lalace a kai wa mai gyara a kasuwa tare da kalmar sirri a rubuce a takarda. A cikinta kuwa akwai sunaye da lambobin waya da bayanan asusun abokan ciniki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin a kan kamfani, kuma idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 yake da ita ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC. Ba zai ce ai a gidan ma'aikaci abin ya faru ba. Don haka kamfani ne ya kamata ya sayi kwamfutar, ya kulle rumbunta ta yadda ko an sace ba za a iya karanta abin da ke ciki ba, ya sa allon ya rufe kansa bayan minti biyar, ya tilasta shiga da mataki biyu. Kuma matakin na biyu ya kasance ta manhajar da ke fitar da lamba, domin lambar da ake turowa ta tes tana tafiya da layin waya idan aka sace shi ko aka yi masa canjin sim na damfara.

Damfarar da ta fi cin kamfanoni ba ta buƙatar kutse mai zurfi. Saƙo ne zai zo wa mai kula da kuɗi da sunan shugaba, ko da sunan mai kawo kaya, cewa an canja lambar asusu, a tura yanzu. A ofis zai leƙa ɗakin oga ya tambaya. A gida shi kaɗai ne da allo. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabanninsa ya ji muryoyinsu, ashe duk na bogi ne da aka haɗa da kwamfuta. Maganin tsohon yayi ne: duk canjin lambar asusu ko biyan da ya wuce wani adadi, sai an kira mutumin a lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma sai mutum biyu sun sa hannu.

Na biyu, shugaba yana tsoron ba a yin aikin. Tsoron yana da tushe. Akwai mai riƙe aiki biyu a lokaci guda bai faɗa ba, akwai mai ba wa ƙanensa kalmar sirri ya yi masa rabin aikin. Amma maganin da yawanci ake rugawa gare shi, wato manhajar da ke ɗaukar hoton allo duk minti goma tana ƙirga motsin linzami, ba ya warkar da komai. Mutane kan koyi motsa linzami ne kawai. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma saboda kwaikwayon motsin allon rubutu. Mai gaskiya kuma sai ya ji an mayar da shi ɓarawo, ga manhajar tana cin datarsa tana ɗaukar hoton abin da bai shafi kamfani ba. Abin da ke aiki shi ne a auna abin da aka gama: shafi nawa aka fassara, kira nawa aka amsa aka warware, rahoto ya iso ranar Alhamis ko bai iso ba. Wannan yana nufin shugaba sai ya zauna ya fayyace abin da yake so a rubuce, kuma a ganina a nan ne da yawansu ke gazawa, sai su ɗora laifin a kan gida.

Akwai asarar da ba ta bayyana a wata ɗaya. A wani gwaji da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi da kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a Shanghai, masu amsa waya da suka koma gida sun ƙara yawan aiki da kashi 13 cikin ɗari, amma damar ƙarin girmansu ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da masu ƙoƙari irin nasu a ofis, kuma da aka ba su zaɓi, rabinsu suka koma ofis, da yawa saboda kaɗaici. Binciken da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a 2020 ya nuna kowane sashe ya ƙara rufe kansa, hulɗa da sauran sassa ta ragu. Wanda wannan ya fi cutarwa shi ne sabon shiga. Yaron da aka kai koyon ɗinki ba da bayani kaɗai yake koya ba, da kallon hannun maigidansa ne da jin yadda yake magana da mai kaya. Haka sabon ma'aikaci yake, kuma a ɗakinsa babu wanda zai kalla. Shi ya sa nake ganin watanni ukun farko a haɗa shi da tsohon hannu guda da zai riƙa kiran sa kullum, ko na minti goma ne. Gwajin da Bloom ya sake yi a kamfanin, wanda aka buga a 2024, ya nuna kwana biyu a gida da uku a ofis ya rage masu ajiye aiki da kashi ɗaya cikin uku ba tare da aikin ko ƙarin girma ya ragu ba. Inda nisa ya hana haka, a ware kuɗin haɗuwa ido da ido ko sau biyu a shekara.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta takarda. Da yawa daga matasanmu suna cewa sun samu aiki, alhali a rubuce 'yan kwangila ne. Ma'aikaci na dindindin a kamfanin da dokar fansho ta 2014 ta hau kansa, ana cire masa kashi 8, kamfani ya ƙara kashi 10, duk a zuba a asusunsa. Dokar diyya ta 2010 ta sa kamfani ya biya kashi 1 na jimillar albashi ga hukumar NSITF saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ɗan kwangila ba shi da ko ɗaya, ba hutun haihuwa, ba na rashin lafiya, ba kuɗin sallama. Ko ma'aikaci na dindindin, idan wayar inbata ta ja shi a ɗakinsa ƙarfe sha ɗaya na safe, za a yi gardama kan ko a bakin aiki yake. Shi ya sa adireshin wurin aiki da awanninsa suke buƙatar shiga yarjejeniya. Haraji ma yana bin mazauni: kamfanin Legas mai ma'aikaci a Kano, hukumar harajin Kano zai tura wa abin da ya cire. Sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, amma mazaunin Najeriya ana lissafa masa har abin da ya samu daga waje, kuma kamfanin waje ba zai cire masa ba. Shi zai ajiye rasit ya kai kansa.

Masu aiki ta dandalin intanet sun fi kowa zama a bakin rami. Fiverr yana cire kashi 20 na kowane aiki, ya riƙe sauran kwana 14 kafin a iya cira. A watan Maris 2024 dandalin Remotasks, inda matasa ke sa wa hotuna da rubutu alama don koya wa na'urori, ya rufe ƙofarsa ga Kenya da Najeriya, mutane suka wayi gari ba su iya shiga. Wanda ya sayi asusun wani ko ya ɓoye ƙasarsa da VPN, wato manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa yake shiga, ranar da aka gano shi za a rufe asusun da kuɗin da ke ciki, kuma ba shi da inda zai kai ƙara tunda sunan ba nasa ba ne. Kada a bar kuɗi su taru a dandali. Duk mako a cire. Albashin dala yana da daɗi lokacin da naira ke faɗuwa, kamar daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 da farashin dala ya tashi daga kusan naira 460 ya haura 1,500, amma wanda ya ɗauki hayar gida da kuɗin makaranta a kan wannan farashi yana shiga matsi idan naira ta farfaɗo ko kwangila ta yanke. Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista ko na horo, ko aka fara ba ka 'yan kuɗi don danna bidiyo sannan aka ce ka zuba naka don a buɗe maka babban mataki, damfara ce.

Ranar rabuwa ita ce aka fi mantawa da ita a lokacin ɗauka. Kwamfutar kamfani tana Gusau, ofis yana Legas: wa zai biya kuɗin aika ta, kuma in ta fashe a mota, asarar wa? Inbata da batirin da kamfani ya taimaka aka saya, na wa ne bayan shekara biyu? A rubuta tun farko, misali cewa kowane wata ana rage wani kaso na kuɗin, bayan wata 24 ya zama na ma'aikaci. A ranar ƙarshe kamfani ya rufe imel da duk wata hanyar shiga cikin awa ɗaya, ya cire mutumin daga zaurukan WhatsApp na aiki, ya canja duk kalmar sirrin da aka yi tarayya a kanta. Shi kuma ma'aikaci, kafin wannan rana, ya tabbata yana da kwafin yarjejeniyarsa da takardun albashinsa da shaidar abin da aka zuba masa na fansho a imel ɗinsa na kansa, domin da zarar an rufe na kamfani ba zai sake ganin su ba, kuma su ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta nema idan albashin watan ƙarshe ya maƙale.